Sabon gida, sabon aji: wa ke biyan kuɗin makarantu a garuruwan Amurka masu bunƙasa?

A ranar 12 ga Afrilu, 2024, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da wani magidanci, George Sheetz, ya kai ƙaramar hukumar El Dorado ta jihar Kalifoniya. A 2016 ne ya nemi izinin kafa ɗan madaidaicin gida a filinsa, aka ce masa babu takarda sai ya ajiye dala 23,420 na faɗaɗa hanyoyin yankin. Ya biya ba a son ransa ba, sannan ya nufi kotu. Da maganar ta kai ƙoli, alƙalan tara duka suka ba shi gaskiya a kan tambaya ɗaya da aka kai gabansu.

Kuɗin da aka karɓa hannun Sheetz na hanya ne, amma hukumomin makarantu suna cikin waɗanda suka fi kasa kunne, domin da irin wannan kuɗi ne da yawansu suke gina azuzuwa a garuruwan da jama'a ke kwarara. Kanun labarai sun sa wasu sun ɗauka an soke tsarin ɗungurungum. Ba a soke shi ba. An dai ƙara masa sharaɗi, aka kuma bar tambaya mafi nauyi babu amsa.

Wane kuɗi ne wannan, kuma yaya ake lissafa shi?

Kuɗin ƙarin nauyi shi ne abin da mai gini yake biya sau ɗaya tak, galibi ranar da zai karɓi izinin gini, saboda nauyin da sabon gidan zai ɗora wa abubuwan more rayuwa: hanya, ruwa, magudana, 'yan kwana-kwana, makaranta. Ya sha bamban da haraji. Haraji kowa ke biya, duk shekara, hukuma kuma ta kashe shi inda kasafin kuɗi ya nufa. Wannan kuwa sabon gini kaɗai yake hawa, a asusu na daban ake ajiye shi, kuma ba a taɓa shi sai don abin da aka karɓe shi dominsa. A fannin ilimi wannan yana nufin sayen fili, gina makaranta, ƙara azuzuwa da kayan cikinsu. Ba a biyan albashin malami da shi.

Saɓanin Najeriya, inda kuɗin gina firamare yake gangarowa daga sama ta hannun UBEC da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, a Amurka gwamnatin tarayya ɗan kaɗan take sakawa a ilimin firamare da sakandare, kuma ba kasafai take gina aji ba. Kusan kashi 90 cikin ɗari yana fitowa ne daga jihohi da kuma yankunan kansu. Kowane yanki yana da hukumar makarantunsa, wadda galibi mazauna wurin ke zaɓar shugabanninta, kuma jigon kuɗinta shi ne harajin gidaje da filaye.

Matsalar ita ce ta lokaci. Iyali sun tare a sabon gida a watan Agusta, kafin watan ya ƙare yaro yana ƙofar makaranta, kuma doka ba ta yarda a kore shi ba. Gina makaranta kuwa, daga neman fili zuwa buɗe ƙofa, yakan ci shekara biyu zuwa uku ko fiye, alhali harajin sabon gidan kaɗan-kaɗan zai riƙa shigowa tsawon shekaru. A wannan tsakanin ne ake ganin azuzuwan wucin gadi, waɗanda ake janyowa da mota, an jera su a filin ƙwallo. Ana raba cin abincin rana kashi-kashi har wasu yara su ci tun da hantsi. Ana sake shata iyakokin unguwanni, yaron da ya saba da makaranta kusa da gida a wayi gari yana hawan bas zuwa wata.

Lissafin yana bin matakai uku. Ana kintatar gidaje nawa za a gina, sannan ɗalibai nawa kowane gida zai kawo, sannan nawa za a kashe wajen samar wa kowane ɗalibi wurin zama. A misali kawai: idan kamfani zai gina gidaje 1,000, bincike kuma ya nuna kowane gida biyu suna kawo ɗalibi ɗaya, ke nan ɗalibai 500 ne ke tafe, makaranta guda sukutum. Sai a raba kuɗin gininta a kan gidajen, bayan an cire abin da jiha za ta bayar, a wasu jihohin har da abin da masu gidajen za su biya nan gaba a haraji don biyan bashin gini. Duk rigimar da ake yi a kotuna a kan waɗannan alƙaluma uku take, musamman na biyun.

Yadda Kalifoniya ta tsinci kanta a nan

Wanda yake son fahimtar tushen abin, sai ya koma Yunin 1978. A watan ne masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da gyaran tsarin mulkin jihar da aka fi sani da Ƙuduri na 13. Ya ƙayyade harajin gida da fili a kashi 1 cikin ɗari na ƙimar kadara, ya hana ɗaga ƙimar fiye da kashi 2 cikin ɗari a shekara sai in an sayar da gidan, ya kuma ce duk wani sabon haraji na musamman sai kashi biyu cikin uku na masu zaɓe sun yarda. Cikin shekara guda kuɗin harajin gidaje ya faɗi da fiye da rabi. Hanyar cin bashin gini da hukumomin makarantu suka saba bi, wato sayar da takardun lamuni a biya da harajin gidaje, ita ma ta toshe, ba a sake buɗe ta ba sai a 1986, shi ma bisa sharaɗin kashi biyu cikin uku.

Jama'a kuwa ba su daina shigowa jihar ba. Da aka rufe ƙofar haraji, sai hukumomi suka juya ga waɗanda ke neman izini a hannunsu. A 1982 aka yi dokar Mello-Roos, wadda ta ba da damar ɗora wa sabuwar unguwa haraji na musamman don gina makarantarta da hanyoyinta. A 1986 majalisar jihar ta ba hukumomin makarantu ikon karɓar kuɗi kai tsaye daga masu gini: dala 1.50 a kan kowane murabba'in ƙafa na gidan zama, santi 25 a kan na kasuwanci. A 1987 aka yi babbar dokar da ta tilasta wa duk mai karɓar irin wannan kuɗi ya nuna alaƙarsa da ginin, ya kuma ba da bayanin inda kuɗin ya shiga.

Wannan bai kashe wutar ba. Kotunan jihar sun yanke hukunce-hukunce da suka ba garuruwa damar hana wasu manyan gine-gine idan makarantu sun cika, masu gini kuma suka koka cewa ana tatsar su fiye da abin da doka ta rubuta. Sulhun ya zo a 1998. An tsara cewa ƙafa uku ne za su ɗauki ginin makaranta: bashin jiha, bashin yanki, da kuɗin masu gini. Masu zaɓe suka amince da bashin dala biliyan 9.2 a shekarar. Abin da masu gini suka samu a cinikin ba ƙarami ba ne: da zarar sun biya kuɗin da doka ta yanka, an ɗauka sun sauke nauyinsu gaba ɗaya, babu garin da zai hana su gini da hujjar cunkoson aji.

Dokar ta kasa kuɗin mataki uku. Na farko shi ne na gama-gari, wanda wata hukumar jiha ke sabuntawa duk bayan shekara biyu; a Janairun 2024 ya kai dala 5.17 a kan murabba'in ƙafa na gidan zama, da santi 84 na shaguna da ofisoshi. A farashin 2024 ɗin, gida mai murabba'in ƙafa 2,000 ke nan zai biya dala 10,340. Mataki na biyu na yankunan da suka tabbatar da tsananin buƙata ne, ana ƙirga shi a kan kusan rabin kuɗin gini, a kan cewa jiha za ta kawo ɗaya rabin. Na uku yana tashi ne idan asusun jiha ya bushe, sai kusan duka nauyin ya koma kan mai gini. Wanda ya ƙara ɗaki a tsohon gidansa, in dai bai wuce murabba'in ƙafa 500 ba, ba ya biya.

Abin lura a wannan tarihi shi ne inda nauyin ya gangara. Mazauna na dindindin, waɗanda ke da ƙuri'a, sun rage wa kansu haraji. Wanda zai sayi gidan da ba a ma gina ba tukuna ba ya wurin ranar zaɓe, ba ya zauren taro ranar da ake yanka farashin. Wannan shi ya sa kansila ko ɗan hukumar makarantu yake ganin ɗaga kuɗin ƙarin nauyi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan neman ƙarin haraji daga maƙwabtansa.

Kowace jiha da nata salo

Babu doka ɗaya ta tarayya a kan wannan. A Fulorida kotuna ne suka share hanya: a 1991 Kotun Ƙolin jihar ta amince da tushen kuɗin makarantu na ƙaramar hukumar St. Johns, bisa sharaɗi biyu, cewa sabon ginin ne ya haifar da buƙatar, kuma masu biya ne za su amfana. A 2000 kotun ta nuna iyakar abin. Wani rukunin gidaje a Ormond Beach, wanda ƙa'idojin filinsa suka hana yara ƙanana zama, ya ƙi yarda da kuɗin, kotu ta ce ya yi gaskiya: wurin da ba zai taɓa tura ɗalibi makaranta ba, babu dalilin ɗora masa kuɗin aji. A 2021 majalisar jihar ta sa linzami: ba a ƙara kuɗin fiye da kashi 50 cikin ɗari, ba a ƙara shi fiye da sau ɗaya a shekara huɗu, kuma ƙarin sai a shigo da shi daki-daki, sai dai in an tabbatar da wani yanayi na musamman.

A Karolina ta Kudu, yankin Fort Mill da ke gefen birnin Charlotte ya ga ɗagawar da ta girgiza masu gini a 2018, daga dala 2,500 zuwa sama da dala 18,000 a kan kowane gidan iyali ɗaya. Ƙungiyoyin magina suka kai ƙara, Kotun Ƙolin jihar ta tabbatar da dokar a 2021. A maƙwabciyarta Karolina ta Arewa kuwa kotuna sun soke irin wannan kuɗi a wuraren da majalisar jiha ba ta ba da izini ƙarara ba.

Tekzas ta ɗauki wata hanya dabam. Dokarta ta yarda da kuɗin ƙarin nauyi don ruwa, bahaya, magudana da hanya, amma ban da makaranta. Garin Frisco, arewa da Dallas, ya tashi daga mutum kusan 33,000 a 2000 zuwa kusan 200,000 a 2020, kuma makarantun da aka gina masa da bashin da masu zaɓe suka amince da shi aka gina su, tsoho da baƙo suna biya tare a harajin gida. Ke nan ana iya gina makarantu babu wannan kuɗi. Farashin shi ne bashi mai nauyi da haraji mai tsada a kan kowa.

Abin da Kotun Ƙoli ta faɗa, da abin da ta yi shiru a kai

Tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati ƙwace dukiyar mutum ba tare da diyya ba. Daga nan kotu ta fitar da ma'auni biyu ga duk sharaɗin da za a gindaya wa mai neman izinin gini. A shari'ar Nollan ta 1987 ta ce dole sharaɗin ya kasance yana da alaƙa ta haƙiƙa da matsalar da ginin zai jawo. A shari'ar Dolan ta 1994 ta ƙara da cewa girmansa ya yi daidai, gwargwadon hali, da girman matsalar. A 2013 ta ce ma'aunin ya shafi kuɗi, ba fili kaɗai ba.

Kotunan Kalifoniya sun daɗe suna cewa waɗannan ma'aunai na jami'in da ya zauna ya yanka wa mutum ɗaya sharaɗi ne. Idan majalisa ce ta yi jadawalin farashi ga kowa, ba su hau kanta ba. Wannan kariya ce hukuncin 2024 ya rushe. Mai shari'a Amy Coney Barrett, wadda ta rubuta hukuncin, ta ce tsarin mulki bai bambanta majalisa da jami'i ba.

Sai dai kotun ba ta ce kuɗin da aka karɓa haramun ne ba. Ta mayar da shari'ar ƙasa. Ba ta kuma fayyace ko dole a auna kowane gida shi kaɗai ba, ko kuwa ya wadatar a auna rukuni, kamar a ce duk gidajen iyali ɗaya a wani yanki. Mai shari'a Brett Kavanaugh, tare da Elena Kagan da Ketanji Brown Jackson, sun rubuta nasu bayanin don jaddada cewa ba a taɓa tsarin jadawali ba. Mai shari'a Neil Gorsuch kuwa ya karkata ɗaya ɓangaren. Ga makarantu, a nan gizo ke saƙar, domin babu wanda ya san yara nawa za su kwana a gidan da ba a aza harsashinsa ba. In ba da matsakaicin lissafi ba, kuɗin makaranta ba ya lissafuwa.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon baya suna cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfani yana tallar gidajensa da sunan makarantu masu kyau, yana ƙara farashi saboda su, don haka ya saka hannu a gina su. Suna ƙarawa da cewa kuɗin yana zuwa a kan kari, kafin yaran su iso, kuma yana rage adawar tsofaffin mazauna ga sababbin gine-gine: garin da ya san baƙo zai zo da kuɗin ajinsa ya fi saurin ba da izini.

Masu suka, waɗanda a da magina ne kawai amma yanzu har da masu fafutukar samar da gidaje masu araha, suna da nasu. Na farko, tsada. Wani bincike na Cibiyar Terner ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2018 ya gano cewa a birane bakwai da aka duba, kuɗaɗen da ake ɗora wa sabon gini, na makaranta da sauransu a haɗe, sun kai tsakanin kashi 6 zuwa 18 cikin ɗari na matsakaicin farashin gida. Na biyu, adalci. Makarantun da tsofaffin mazauna suka yi karatu a ciki, al'umma ce duka ta gina su; me ya sa na baƙo shi kaɗai zai gina? Kuma ilimi amfaninsa ba ya tsayawa a ƙofar gida ɗaya. Na uku, inda ake yanka kuɗi ɗaya ga kowane gida ba tare da duba girmansa ba, mai ƙaramin gida ne yake jin jiki.

Wa ke biya a zahiri? Masana tattalin arziki ba su tsaya a kan amsa ɗaya ba, saboda amsar tana bin kasuwa. Inda gidaje suka yi ƙaranci kuma masu saye ba su da wani wurin zuwa, mafi yawan kuɗin yana hawa kan farashi. Inda akwai garuruwa a kusa masu kama da juna kuma ba sa karɓa, kamfani ba zai iya ƙara farashi ba, sai ya rage abin da zai taya fili, ke nan mai gona ko mai fili ne ya biya. Kamfanin kansa ba kasafai yake haɗiye asarar ba sai in an ɗaga kuɗin bayan ya riga ya sayi fili. Akwai kuma wanda ke cin riba shiru: idan sabon gida ya yi tsada, tsohon gidan da ke kusa da shi ma farashinsa yana tashi, ba tare da mai shi ya biya ko santi ba.

Shin sabon gida ne ke cika aji?

Duk tsarin yana tsaye ne a kan zaton cewa sababbin gidaje su ne ke kawo sababbin ɗalibai. A garin da ake yanka gonaki ana gina unguwanni, haka abin yake. A wurin da ya riga ya cika, ba lallai ba ne. Ƙaramar hukumar Montgomery a jihar Maryland ta yi shekaru tana dakatar da izinin gina gidaje a duk inda aka hango makaranta za ta zarce kashi 120 cikin ɗari na abin da take iya ɗauka. Da masu tsara gari suka bi diddigin adireshin ɗalibai, sai suka tarar mafi yawan ƙarin daga tsofaffin unguwanni yake fitowa: dattawan da 'ya'yansu suka girma sun sayar, matasa masu ƙananan yara sun tare. Irin wannan gida ba ya biyan kuɗin ƙarin nauyi ko kaɗan. A 2020 hukumar ta soke dakatarwar, ta sake fasalin kuɗin.

Ga kuma raguwar haihuwa. Ɗaliban makarantun gwamnati a Kalifoniya sun sauka daga kusan miliyan 6.2 zuwa kusan miliyan 5.8 cikin shekara goma. Hukumar da take rufe makaranta a wata unguwa tana neman kuɗin sabuwa a wata, za ta fi shan wuyar kare lissafinta a gaban alƙali yanzu fiye da kafin 2024.

Abin da ya shafi talaka

Mai sayen sabon gida ba ya ganin kuɗin a rasit. Yana cikin farashi, kuma in da bashin banki na shekara 30 ya saya, har ruwa zai biya a kansa. A Kalifoniya nauyin yakan ninku: harajin gidansa a kan farashin yau ake ƙirga shi, alhali maƙwabcin da ya saya shekaru da dama baya yana biya a kan tsohuwar ƙima, ga harajin Mello-Roos in unguwar tana ciki. Ɗan haya yana jin abin a kaikaice, ta hanyar benayen da ba a gina ba saboda lissafi bai fita ba. Wanda ke gina gidan kansa shi kaɗai, farashi ɗaya yake biya da babban kamfani, ba shi kuma da lauyan da zai binciki jadawalin.

Iyaye su ma akwai abin da ya kamata su sani. Biyan kuɗin ba alƙawari ba ne cewa a unguwarsu za a gina makarantar, ko ɗansu zai samu gurbi a mafi kusa. Kuma kuɗi ne mai bin kasuwa: bayan durƙushewar harkar gidaje a 2008, ƙananan hukumomi da dama a Fulorida sun rage shi ko sun dakatar da shi don farfaɗo da gini, da kasuwa ta dawo kuma aka tarar da asusun ya yi ƙasa.

Doka ta bar wa mai biya 'yan ƙofofi. A Kalifoniya wanda bai gamsu ba yana da kwana 90 ya shigar da ƙorafi a rubuce, dole kuma hukuma ta fitar da bayanin asusun duk shekara, ta kuma kare dalilin ci gaba da riƙe ragowar kuɗin duk bayan shekara biyar. A jihar Washington, in an yi shekara goma ba a kashe kuɗin ba kuma ba a ware shi ga wani aiki ba, a ƙa'ida mayar da shi ake yi. A jihohin biyu, wanda sunansa ke kan takardar gidan a lokacin shi ake mayar wa, ba kamfanin da ya biya tun farko ba.